Warin Benen Juruf

Jikokina sun ce aikin gas ba aiki ba ne. Wai ka buɗe waya ka ga yadda ake yi, ka murɗa nan, ka ɗaure can, halas. Ina yi musu Hausa suna mayar mini da Larabci, suna dariya, wai Sitti, ni kakarsu kenan, ta ɗauki ɗaurin tiyo kamar tiyatar asibiti. To, tun da bakina bai mutu ba, bari in faɗa a rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ni Kulu, a nan Madina aka yanke mini cibiya, a unguwar Sihi. Ubana da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Sudan, ya yi Hajji ya zauna. Ban taɓa shiga aji ba. Amma daga Sihi har Juruf, duk gidan Hausawan da ya kwana biyu a garin nan na san inda tukunyar gas ɗinsa take, na kuma san matar da ke kashe murhu ta bar kan tukunya a buɗe ta tafi biki.

Aikina na fari a wani gida ne bayan kasuwar Sihi. Mijina, Malam Ɗahiru, Allah ya jiƙansa, yana da ɗan shago na gyaran murhu, lokacin mutane suna barin risho suna komawa gas. Aka aiko yaro cewa ana jin wari a kicin. Ya je, sai matar ta ƙi buɗe ƙofa, don mijinta yana aiki a Yanbu, kuma ba namijin da zai taka mata ɗaki ko da gidan zai tashi sama. Malam ya dawo ya ce in sa mayafi in biyo shi. Ya tsaya a kan matakala ya juya wa ƙofa baya, ni ina ciki, yana ɗaga murya. Me kike gani? Tiyon wane launi ne? Taɓa shi, ya yi tauri ko yana lanƙwasuwa? Ni kuwa ko sunan sifana ban sani ba, ƙarfe mai baki nake ce mata. A haka muka gano tiyon ya tsage a bayan murhu, inda zafi ke dukansa. A haka kuma na koyi sana'ar gaba ɗaya, da kunne, ta bayan ƙofa. Shekaru muka yi yana kan matakala ina ciki. Har ya rasu bai ga yawancin kicin ɗin da ya gyara ba.

Abin da ya fara koya mini ba murɗa ƙarfe ba ne. Durƙuso ne. Ya ce gas na tukunya ba hayaƙi ba ne da zai tashi sama, nauyi gare shi, ƙasa yake bi kamar ruwa, ya nemi kwari ya kwanta. Mutum yana tsaye sai ya rantse lafiya lau, alhali ƙafafunsa suna cikin tafki. Don haka duk kicin ɗin da na shiga, kafin in taɓa komai sai na kai gwiwa ƙasa na shaƙa. Na biyu, kada a taɓa makunnin lantarki. Wanda ke kunne a bar shi a kunne, wanda ke kashe a bar shi a kashe. Na uku, a rufe kan tukunya, a buɗe taga da ƙofa. Sai bayan nan a yi maganar gyara.

Jakata ba ta da yawa. Sifana babba da ƙarama. Tiyon gas na gaske, mai kauri, ba na ban ruwan fulawa ba. Ƙarafan ɗaure bakin tiyo. Allura ta buɗe idon murhu in ya toshe. Gwangwanin alawa cike da jilda, wato ɗan zoben robar nan da ke zama tsakanin bakin tukunya da munazzim, abin da ke daidaita ƙarfin gas kafin ya shiga tiyo. Jildar nan ba ta kai ƙumbar yatsa ba, amma rabin gidajen da na shiga ita ce ta taurare ta fashe. Sai kwalbar ruwan sabulu da tsohon buroshin askin Malam. In na shafa kumfa a mahaɗa na zuba ido, inda ke yoyo sai ka ga kumfar tana kumbura kamar maƙogwaron kwaɗo. Ashana ba ta taɓa kwana a jakata ba. Na ga maza masu gemu suna kyasta ashana a bakin tukunya wai su ga ko yana fita. Ɗaya a Halidiyya, girarsa ba ta sake tsirowa daidai ba.

Wata rana aka kira ni Halidiyya ɗin, gidan wata 'yar Damagaram. Ta ɗaure tiyo da igiyar zani, ta naɗe da leda, ta ce ai ya kama. Wannan bai dame ni ba, na saba. Abin da ya dame ni, tun daga matakala na ji turaren wuta. Ta ji baƙuwa za ta zo, ta hura gawayi ta zagaye ɗakuna da kasko, a gidan da ita da kanta ta ce tana jin gas. Na kashe garwashin da ruwan buta, na buɗe tagogi, na zauna a bakin ƙofa har hayaƙin ya fice kafin hancina ya dawo aiki. Tun daga ranar, duk wadda ta kira ni sai na ce mata kada ta yi mini turare, ni ba suruka ba ce. Suna jin kunya, wai ya za a yi babbar mace ta shigo ta tarar da gida yana warin girki.

Ku da aka haifa jiya ba ku san wannan ciwon ba sosai. Mu mun tashi da shi. Miyarmu da daddawa ake yi, kuma daddawa ba ta ɓuya. In ka jefa ta a mai, duk bene ya sani. Akwai 'ya'yanmu da aka toshe wa hanci a makaranta saboda rigarsu ta kwana kusa da tukunya. Akwai masu gidan hayar da suka taɓa tambayar mazanmu irin abin da matansu ke dafawa kafin su ba da makulli. Ba kowa ba, amma an yi, kuma ba mu manta ba. Shi ya sa Bahaushiyar Madina in ta ji an ce wari, ba ta tsayawa tambayar na mene ne. Ta riga ta sani.

Yanzu ga aikin da nake so ku ji, wanda ya ɓata mini shekara guda. Akwai wata yarinya Rabi, 'yar Maraɗi, mijinta Idi direban motar kaya ne, da igama suke zaune, takardar izinin zaman baƙi. Sun sha wuya kafin su sami gida a wani bene a Juruf, hawa na uku, ɗaki biyu da kicin, kusa da makarantar yaransu. Ga mai igama, samun irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. A hawan ƙasa akwai wata tsohuwa Balarabiya, Ummu Salim, tana zaune da matar ɗanta. Tsohuwar nan ta kai ƙara wurin mai gadin bene cewa wani wari yana saukowa daga sama yana hana ta sakat. Mai gadi ya zagaya, ya ga sababbin shigowa su Idi ne, ya faɗa wa Idi. Ta sake kai ƙara, maganar ta kai ga mai benen. Shi kuma ya aiko cewa wa'adin haya ya kusa, in warin bai tsaya ba su nemi wani wuri.

Rabi ta daina sa daddawa a miya. Warin bai tsaya ba. Ta kwashe ƙullin daddawar da uwarta ta aiko mata ta hannun alhazai, da busasshen kifi, da kuka, ta kai bola da hannunta. Yaranta suka koma cin shinkafa da tumatir. Warin bai tsaya ba. Sai ta koma turare, safe da yamma, kasko ba ya hucewa. Duk da haka mai gadi ya sake hawowa.

A wani taron suna maganar ta fashe. Rabi ta faɗa tana kuka, mata suka ɗauka. Wadda ta fi ɗauka ita ce Hajiya Talatu, mai sayar da atamfa gida-gida, mace mai baki, wadda in ta fara ba a shiga. Ta ce yau Rabi ce, gobe kowa ce, sai an je an nuna wa tsohuwar nan mu ba dabbobi ba ne. Aka ce a tafi da ni, don ni 'yar ƙasa ce, ba mai razana ni da takarda, kuma Larabcina na Madina ne, ba na kasuwa ba. Ina zaune a wurin, na ji an ce wari a bene, warin da ya ƙi tsayawa bayan an daina girki, ni mai wannan sana'a. Na ce a sa rana.

Bayan la'asar muka je, mu biyar har da Rabi. Na sa abayata ta zuwa biki, na shafa humra har wuya. Jakata tana gida a rataye, don ba a zuwa kare mutunci da sifana. Matar ɗan ce ta buɗe mana. Ummu Salim tana zaune a ƙasa kan katifa, ƙafa a miƙe, ciwon gwiwa ya hana ta hawa kujera. Ta yi mana maraba, ta sa aka kawo dabino da fulas na gahawa. Mu kuwa muka jeru a kan doguwar kujera, sama da ita, muka ƙi cire mayafi.

Talatu ta fara, da Larabcinta mai karaya. Ta ce abincinmu halal ne. Ta ce kakanninmu da ƙafa suka zo garin Manzo, ba a jirgi ba. Ta ce an sa marainiyar Allah ta zubar da abin da uwarta ta daka mata da hannu. Tsohuwar tana kallonta, tana kallon matar ɗanta, kamar wadda aka tasa daga barci. Da Talatu ta tsaya shan iska, aka dube ni. Na gyara zama na ce mata, da Larabcin da ba za ta ce ba ta gane ba, in hancinta ya fi ƙarfin zama da mutane, ɗanta ya gina mata gida a bayan dutse inda ba maƙwabci. Matan suka yi gyaran murya na jin daɗi.

Tsohuwar ta janyo fulas. Ta zuba gahawa a ɗan kofi ta miƙo mini daga inda take zaune. Komai faɗa, ba ka barin wadda ta girme ka tana miƙo hannu sama. Na sauko daga kujera na kai gwiwa ƙasa don in karɓa. A nan ya buge ni. Ta ƙarƙashin humrar, ta ƙarƙashin gahawar, yana kwance a kan darduma, yana gangarowa daga ƙofar kicin. Ba daddawa ba ce, ba kwata ba ce. Warin da na yi shekaru ina bi da gwiwa ne.

Kafin in buɗe baki, na ga matar ɗan ta miƙe da kaskon turarensu da gawayi a hannu, za ta kicin ta kunna, don su ma al'adarsu ce a turara baƙi kafin su tashi. Na ce mata, “Ajiye. Kada ki kunna komai.” Ta tsaya. Talatu ta zunguro ni ta ce da Hausa, “Yaya Kulu, ai ba mu gama ba.” Na ce mata mun gama.

Ku san yadda benayen nan suke. A tsakiyarsu akwai manwar, wani dogon rami daga rufi har ƙasa, tagogin kicin na kowane hawa a cikinsa suke buɗewa. Tagar Ummu Salim ita ce ta can gindi. Na juya na tambayi Rabi inda tukunyar gas ɗinta take. Ta ce a manwar, kan wani ƙarfe a wajen taga, haka suka tarar, kicin ɗin ba fili. Na ce kaskon turarenta fa? Ta ce ta bar shi a bakin tagar, don mai gadi ya ce ta nan warin ke bi. Tana faɗa muryarta tana raguwa, har ta ɗora hannu a baki.

Na ce kowa ya fita titi, a ɗauki tsohuwa, a bar fanka yadda take, a bar ƙofa a buɗe, a buga wa sauran gidajen ƙofa, kada wanda ya kunna murhu. Na karɓi makulli a hannun Rabi na hau. Ban taɓa na'urar hawa bene ba, da ƙafa na hau, ina riƙe da bango, abayar biki tana harɗe ni. Na tarar da kaskon a bakin taga, garwashi ja a ƙarƙashin toka, tazararsa da kan tukunya bai fi kamu ɗaya ba. Ban ja shi ba, kada ƙasansa ya karci siminti ya yi tartsatsi. Na ɗaga shi da hannu biyu na kai banɗaki na tsoma a bokiti. Na dawo na zura hannu ta taga na rufe kan tukunya. Sai a lokacin na ji tafin hannuna ya ƙone.

Da iska ta ɗan zaga, na nemi sabulun wanke-wanke da soso, tun da na zo hannu rabbana. Wanda ya zauna gidan kafin su shi ya yi haɗin. Bututun jan ƙarfe ya ratso bango zuwa murhu, wannan ba laifi. Amma tsakanin munazzim da bututun ya sa guntun tiyo, kuma na'urar sanyaya ɗaki ta hawan sama tana ɗiga a kansa dare da rana. Ƙarfen ɗaurin ya yi tsatsa ya ci robar, ta tsage ta ɓangaren bango, inda ido ba ya kaiwa. Na shafa kumfa, na buɗe kan tukunya kaɗan, kumfar ta tashi kamar ana hura ta da baki, na rufe. Rabi tana sama da yoyon, ga turare, ba ta jin komai. Shi kuwa yana zuba cikin ramin yana sauka, hawa bayan hawa, har tagar tsohuwar da ke wuni a ƙasa. Daga baya Rabi ta ce mini ta lura tukunya tana saurin ƙarewa, ta ɗauka masu sayarwa ne ba sa cikawa.

Ina saukowa na tarar da Talatu a kan matakala tana jirana. Ta rage murya ta ce in rufa mana asiri, in ce kwata ce ta toshe, gobe in zo in gyara shiru. Ta ce in na faɗa a gaban mutanen nan, yarinyar ta rasa gida, mu kuma mun rasa fuska. Na ce mata gindin ramin nan cike yake, sai mai gadi ya buɗe ƙofar ƙasa iska ta share shi, sai kuma an hana tsohuwa kunna murhu har ya fice, kuma ba mai yin wannan saboda kwata. Ta ce to in san yadda zan faɗa. Na wuce ta.

A titi aka shimfiɗa wa Ummu Salim tabarma. Mutanen bene duk sun fito, da yara, da mai gadi, da masu shagon gefe. A gabansu na faɗa. Na ce gas ne, daga hawa na uku, na rufe shi, a buɗe manwar. Na faɗa da Larabcin nan dai da na yi mata maganar bayan dutse. Tsohuwar ta kira ni da hannu, na sunkuya.

“Ya Hajja,” in ji ta, “ni ma a Sihi na girma, bango ɗaya da mutanenku. Na san miyarku. Da ita ce, da kwano zan aika sama. Ni wari na ce. Ban ce abinci ba.”

Na bi maganar daga baya, baki bayan baki, yadda nake bin bututu. Ita ta ce wa mai gadi wari. Mai gadi ya ce wa Idi wari. Mai bene ya aiko da wari. Babu wanda ya ambaci daddawa, ko sau ɗaya, sai mu.

Mai benen ya zo da magariba ransa a ɓace. Da ya ji labarin kasko a bakin taga, ya ce ba ma sai wa'adi ya cika ba. Ummu Salim ce ta sa ɗanta ya tare shi. Ta ce ƙarfen da tukunyar ke kai ya girmi zuwan yaran nan, ita shaida ce, kuma ba ta yarda a ce saboda ita aka fitar da masu ƙananan yara ba. Ya yi ta faɗa, ya gaji, ya sabunta musu hayar. Washegari na zo da jakata, hannu a naɗe. Na shigo da tukunyar ciki, na yi mata wuri nesa da murhu, kusa da ƙofa inda iska ke wucewa, na sa sabon munazzim da sabuwar jilda, na gajarta tiyo, na ɗaure baki biyu, na bi kowace mahaɗa da buroshi har sau biyu. Aiki ne mai kyau, ko Malam ba zai sami abin cewa ba. Na sauka na duba na Ummu Salim ma. Ta ce in zauna in sha gahawa, na ce ana jirana.

Shekarar nan wayata ta yi sanyi. Talatu ta zaga da atamfarta da labarinta, wai na kai su na baro, na tsaya a titi ina ba Larabawa gaskiya. Wasu sun yarda da ita. Wasu ba su yarda ba, amma su ma ba su kira ni ba, don duk wadda ta gan ni sai ta tuna inda ta zauna a kan kujerar nan. Sai suka koma kiran samarin shago, suna jira har mazansu su dawo da yamma. Ni ma akwai layukan da na daina bi. Jaka ta yi ta rataye har jildar cikin gwangwani ta fara taurara, na zubar na sayi sabuwa. Sai da wata ta kira ni don murhunta na yin jar wuta yana baƙanta tukunya, na je na share idon da allura, sannan aka fara tunawa da ni kaɗan-kaɗan. To, ku masu waya, ku nemo mini inda aka nuna wannan.

Ita kuwa Rabi, gidan ya zama nata, amma ta kasa zama. Ƙofar Ummu Salim tana bakin mashiga, kuma da yamma a buɗe take barinta. Rabi ta koma leƙe daga sama, in ta ga ƙofar a buɗe ta fasa fita. Yara take aika shago. Ta daina zuwa Harami da matan layi. Tsohuwar ta lura, sai ta aiko mata da kwanon shinkafa da nama, kwano mai murfi, na gidan mutunci. Ku kun san ba a mayar da kwano haka nan. Rabi ta tsaya a kan abin da za ta zuba. In ta zuba miyarmu, kamar ta tono maganar. In ta zuba abincinsu, kamar har yanzu tana cewa ana ƙyamar namu. Ta wanke kwanon ta kife, ta ce gobe. Goben ta yi ta tafiya, har ya zama ko da ta sami abin zubawa, jinkirin kansa ya isa abin magana. Kwanon ya ƙara mata nauyin matakala.

Ba a rufa rabin shekara ba ta matsa wa Idi suka tashi. Ba wanda ya kore su. Suka sami ɗaki ɗaya a kan rufin wani tsohon bene can ƙarshen gari, rufin kwano, rana tana dukansa tun hantsi, ba na'urar hawa, makarantar yara sai da mota. Ni ta kira in haɗa mata murhu. Idi ya hau da tukunya a kafaɗa yana nishi. Na nemi inuwa na ajiye tukunyar, na haɗa, na shafa kumfa, ba ta motsa ba. Na kunna, wuta ta fito shuɗiya. Ina tattara kayana ta buɗe wani kwali ta ciro kwanon, a naɗe cikin ɗankwali.

“Inna, don Allah ki kai mata. Ke kina shiga can.”

Na ce me zan ce mata. Ta ce duk abin da ya zo bakina, ai ni na iya magana.

Na biya kasuwa na cika shi da dabino, abin da ba ya cewa komai. Na isa Juruf bayan la'asar, ƙofar a buɗe kamar kullum. Ban shiga ba, na ƙwanƙwasa a hankali, matar ɗan ta fito ta karɓa. Ta buɗe murfin ta gane kwanon. Daga ciki na ji muryar tsohuwar tana tambaya, da sauri, ko Rabi ce, a ce mata ta shigo, a kawo gahawa. Matar ɗan ta dube ni tana jira. Na ce ta ce mata mai gas ce, na gyara jakata a kafaɗa, na fita titi.